Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Taurarin Ɗan Adam Masu Duban Ƙasa da Dajin Babban Duhu



Gabatarwa

Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne tarihin wata sana'a wadda ake yin ta a sama, amma cin moriyarta a ƙasa yake, watau ɗaukar hoton ƙasa daga sararin samaniya ta hanyar na'urorin nan da Hausawa suka laƙaba wa suna taurarin ɗan Adam. Galibi in an tashi maganarsu, hankalin jama'a yakan tafi ne ga ranar harbawa, ranar da roka ke tashi da wuta da hayaƙi, shugabanni suna tafi. To, amma ranar harbawa rana ɗaya ce tak. Abin da ke biye da ita shi ne shekara da shekaru na ɗawainiya: tashar da za ta karɓi saƙo, wutar lantarkin da ba ta yankewa, kayan gyara, ƙwararrun ma'aikata, rumbun ajiye hotuna, mai fassara hoton, da kuma mota da mai domin a je a tabbatar da abin da hoton ya nuna.

Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan al'amari sarai. Ayari ba ya tashi sai da madugu mai shugabanci, da jagaba masanin hanya, da uban dawaki mai kula da biyan kuɗin fito da na hanya. Kafin a ɗaura wa jaki mangala an riga an san zango-zango, an san inda ruwa yake, an tanadi guzuri. Ayarin da ya kuskure ɗaya daga cikin waɗannan, komai kyan jakunansa, ba ya dawowa da goro. Da wannan ma'auni nake so mu auna tarihin taurarin ɗan Adam a ƙasarmu. Domin kada maganar ta tsaya a sama, za mu ɗaure ta ga wuri guda, watau yankin Babban Duhu, a bakin Dajin Rugu, cikin ƙasar Safana da Batsari, yamma da Katsina.

Yadda Aka San Dajin a Da

Bahaushe yakan kira wurin da itatuwa suka yi cinkoso duhu ko duhuwa, saboda haka duk wanda ya ji an ce Babban Duhu, daji mai kauri ne zai faɗo masa a rai. A ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, tsofaffin sarakunanta suka koma arewa suka kafa Maraɗi, daga can kuma suka riƙa kawo hari su da Gobirawa. Garuruwa da dama na yamma suka watse, daji ya cinye kufansu. A watan Maris na 1853 Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdul Karim, ya tashi daga Katsina zuwa ƙasar Sakkwato. Ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Safana, sa'an nan ya kutsa daji ya nufi wajen Zurmi. Bai yi gangancin tafiya shi kaɗai ba, ayarin Galadiman Sakkwato ya bi. A wancan zamani ilmin daji yana cikin kawunan maharba da makiyaya da 'yan leƙen asiri, sarki kuwa yana saninsa ne gwargwadon yadda ya riƙe waɗannan mutane.

Da Turawa suka shigo Katsina a 1903, sai sanin daji ya fara komawa kan takarda. Aka shata gandun daji, aka kafa alamomin iyaka, En'e ta ɗauki malaman daji masu zagaye a kan doki ko keke. Daga baya jiragen sama suka ɗauki hotunan da aka zana taswirori da su. A shekarun 1960 Gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon Amurka, ta mai da gandun dajin Ruma da Kukar Jangarai makiyaya, aka gina ƙananan madatsun ruwa domin shayar da dabbobi, a 1965 kuma aka kafa dokar keɓe wuraren kiwo. Abin lura shi ne, a duk wannan lokaci hoto da taswira ba su taɓa tsayawa su kaɗai ba. Akwai ma'aikacin da ke taka wurin da ƙafarsa, ya san mashaya, ya san burtali, ya san arɗon kowace ruga.

Zangon Kano

Tarayyar Sobiyet ce ta fara harba tauraron ɗan Adam, Sputnik, ranar 4 ga Oktoba, 1957. Da Amurka ta ƙudura aika mutum ya kewaya duniya, sai ta tarar da matsalar da madugu ya daɗe da sani, watau matsalar zango. Kumbon da ke shawagi kusa da ƙasa yakan kewaya duniya cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi, tashar da ke ƙasa kuwa 'yan mintoci kaɗan take jin sa kafin ya ɓace a bayan doron ƙasa. Dole aka jera tashoshi a kan hanyarsa. Kumbon da ya tashi daga Filorida yakan ratsa Tekun Atalantika, ya bi ta kan tsibiran Kanari, sa'an nan ya shigo sararin ƙasar Hausa. Dalilin ke nan da ya sa aka kafa tasha a Kano, wata kuma a Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano tana cikin waɗanda suka yi masa hidima. A shekara mai biye, ranar 23 ga Agusta, 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2, wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a Legas shi ne ya zama tasha.

Darasi biyu ke cikin wannan labari. Na farko, ƙasar Hausa ta fara shiga zamanin taurari ne a matsayin zango, mai saukar da baƙi, tun shekara 40 kafin Nijeriya ta mallaki tauraro. Na biyu, zango yana dogara ne ga zaman lafiya da yardar masu gari. Tashar Zanzibar ta watse bayan juyin juya halin da aka yi can a 1964. Ta Kano ma an rufe ta daga baya da aikinta ya ƙare.

Fari da Idon Sama

Ranar 23 ga Yuli, 1972, Amurka ta harba tauraron da daga baya aka sa wa suna Landsat 1, wanda shi ne na farko da aka ƙera musamman domin duban albarkatun ƙasa. Yana ɗaukar fili mai faɗin kilomita 185 a tafiya guda, yana komowa kan wuri ɗaya bayan kowane kwana 18. Ɗigo ɗaya a hotonsa daidai yake da fili mai kimanin mita 80 a kowane gefe, watau fiye da rabin hekta. Da irin wannan ido ba a ganin bukka ko bishiya, amma ana bambanta daji da gona, da fadama da jigawa.

Harba shi ya zo daidai da babban farin da ya addabi ƙasashen Sahel daga 1968 zuwa 1974. A wani hoto da ya ɗauka a 1973, arewa maso gabas da Yamai, masu bincike suka ga wata siffa mai kusurwa biyar, cike da ciyawa, a tsakiyar ƙasar da ta zama fako. Hoton bai faɗi ko mene ne ba. Sai da aka bincika a ƙasa aka gano gandun kiwo ne na Ekrafane, wanda aka kewaye da waya, ana kiwo cikinsa kashi-kashi, ana barin wani ɓangare ya huta. Tun daga nan ya tabbata cewa tauraro tambaya yake tayarwa, amsa kuwa sai an taka. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Farin ya sa ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, domin haɗa labarin ruwan sama da na amfanin gona da horar da ma'aikata. A Nijeriya kuma, an riga an buɗe cibiyar koyar da safiyo ta hoton sama a Ile-Ife a 1972. Da Ma'aikatar Gandun Daji ta Tarayya ta so sanin halin da tsirran ƙasar nan suke ciki, sai ta tarar gajimare a kudu da hazo a arewa suna dushe hotunan tauraro. Don haka daga ƙarshen 1976 zuwa farkon 1977 aka yi hayar jirgin sama mai ɗauke da na'urar rada, wadda gajimare ba ya tare ta, ya bi ƙasar kaf. Daga nan aka fitar da taswirori waɗanda santimita ɗaya a cikinsu yake daidai da kilomita biyu da rabi a ƙasa. Aiki ne mai kyau ƙwarai, sai dai ba a yi masa na biyu ba sai bayan kimanin shekara 20, da aka kwatanta shi da hotunan 1993 zuwa 1995, aka fitar da rahoto a 1998 mai nuna gonaki sun yaɗu, dazuzzuka sun ragu. A tsakanin awon farko da na biyu an yi farin 1983 da 1984, an kuma ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, duk ba tare da sabon awo na ƙasa baki ɗaya ba.

Shekarun Giɓi

Me ya kawo wannan jinkiri, alhali taurari suna wucewa ta kan Dajin Rugu kowane mako biyu ko uku? Dalilin yana ƙasa. Landsat 5, wanda aka harba a 1984, ya yi aiki har 2013, kusan shekara 29, abin da ya zama abin tarihi. To, amma ba shi da na'urar ajiye hoto a cikinsa, sai dai ya aika nan take zuwa tashar da ke ƙarƙashinsa, ko ta hannun wani tauraro mai isar da saƙo. Da na'urarsa ta wannan hanya ta biyu ta lalace, sai ya zama duk ƙasar da ba ta da tasha kusa, ya wuce ta kanta a banza. Shi ya sa hotunan Afirka ta Yamma na shekarun 1980 da 1990 suka yi ƙaranci a rumbun da ke Sioux Falls ta Amurka, kuma wannan giɓi ba shi da magani, domin jiya ba ta komowa a ɗauke ta hoto.

Bugu da ƙari, a 1985 gwamnatin Amurka ta danƙa cinikin hotunan ga wani kamfani, kuɗin hoto ɗaya ya haura har ya wuce dala 4,000, a daidai lokacin da darajar naira ke zubewa. Wace ma'aikatar gandun daji ta jiha ce za ta iya wannan saye? Landsat 6 kuma ya faɗi a 1993 bai kai mazauninsa ba. Sai a 2008 aka buɗe rumbun kyauta. A shekarar da ciniki ya fi kyau, watau 2001, hotuna kimanin 25,000 aka sayar, amma kafin a cika shekara guda da buɗewa an sauke miliyan ɗaya. Tauraro bai sake ba, ƙofar rumbu kawai aka buɗe.

Nijeriya Ta Mallaki Nata

An kafa Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, a 1999. A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta ƙasar Rasha. Kamfanin SSTL na Ingila ne ya ƙera shi, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 13. Nauyinsa kimanin kilo 100 ne, ɗigonsa mita 32, faɗin abin da yake ɗauka kilomita 600. Abin yabawa a wannan ciniki shi ne ba tauraro kaɗai aka saya ba. An haɗa da horar da injiniyoyi 15 'yan Nijeriya, da tashar sarrafa shi a Asokoro ta Abuja. An kuma shigar da shi cikin ayarin taurarin ƙasashe, ciki har da Aljeriya da Turkiyya da Ingila da Sin, ta yadda in bala'i ya auku a wani wuri, wanda ya riga isa sai ya ɗauki hoto. Ta haka ne tauraron Nijeriya ya ɗauko ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. An ƙera shi ne don ya yi shekara biyar, amma saboda kyakkyawar kulawa sai da ya kai 2012.

Kafin ya tsaya an riga an harba magadansa, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, ranar 17 ga Agusta, 2011, daga Yasny ta Rasha. Na farkon yana iya ganin abu mai mita biyu da rabi, na biyun kuwa injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a ƙarƙashin kulawar kamfanin. Wannan shi ne tsarin gado mai kyau. Sai dai shekara bakwai aka ɗiba wa NigeriaSat-2, kuma 2018 ta zo ta wuce ba a harba magajinsa ba. Labarin tauraron sadarwa NigComSat-1 ma abin tunawa ne: an harba shi daga Sin a Mayu 2007, fukafukansa masu tara hasken rana suka lalace a Nuwamba 2008, ba a maye gurbinsa ba sai Disamba 2011. Motar da ta lalace ana jan ta zuwa wurin bakanike, tauraro kuwa ba mai hawa ya gyara shi. Gyaransa shi ne tanadin magaji tun yana da ƙarfi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda Sama da Ƙasa Suka Haɗu

Misali biyu daga ƙasar Hausa sun nuna abin da ke yiwuwa in an haɗa ayarin daidai. Na farko daga maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma a can suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu, kamar gawo da kalgo da sabara, suna yi musu sassabe na gyara maimakon tumɓukewa. Hukumomi ba su ankara da girman al'amarin ba sai wajen 2004, da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka da abokan aikinsa suka kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da sababbin hotuna, suka kuma zagaya ƙauyuka suna ƙirga itatuwa. Suka ƙiyasta cewa fili kimanin hekta miliyan biyar ya farfaɗo. Da an yar da tsofaffin hotunan 1975, da ba abin da za a auna da shi.

Na biyu shi ne yaƙi da cutar shan inna. Taswirorin hannu da masu rigakafi ke aiki da su sun tsallake ƙauyuka da rugage masu yawa. Daga wajen 2012, a Kano da sauran jihohin arewa, aka bi hotunan tauraro aka fitar da kowane matsuguni, aka tura mutanen yankin suka tabbatar da sunansa, aka ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Kullum ana duba inda aka tsallake, a koma. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Hoton ya yi amfani ne saboda akwai mai karanta shi, da mai ba da umarni, da mai hawa babur ya tafi.

Babban Duhu a Wannan Zamani

Kowa a wannan zaure ya san abin da ya sami ƙasar Batsari da Safana. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A Disamba na wannan shekara aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara aka kutsa daji da su. Jama'a sukan tambaya, kuma suna da gaskiya: ina amfanin taurarinmu?

Wajibi ne a faɗi iyakar abin. Tauraron duban ƙasa ba a tsaye yake a kanmu ba. Yana gudu ne a nisan kimanin kilomita 700, yana wucewa da hantsi, a lokacin da kowa zai iya lissafawa. Idon NigeriaSat-2 mai kaifi fili mai faɗin kilomita 20 kawai yake ɗauka. Ba ya gani ta ƙarƙashin inuwar itace, da damina gajimare ya rufe shi, da hunturu hazo ya dushe shi. Saboda haka ba zai bi sawun babur ba. Abin da yake iya nunawa shi ne abin da ke sakewa a hankali: gonakin da aka daina nomawa, ƙauyen da ya ƙone, sabuwar turba a cikin daji, madatsar da ta ƙafe, burtalin da gona ta cinye. Hukumar Abinci ta Duniya ta yi irin wannan awo a yankin Mopti na ƙasar Mali a 2019, ta gano ƙauyukan da noma ya ja baya saboda rikici. Taurarin Sentinel-2 na Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna ba da hoto mai ɗigon mita 10 kowane kwana biyar, kyauta.

Ke nan yau hoto ba shi ne matsala ba. Abin da ya raunana shi ne ɓangaren ƙasa. Malamin daji da malamin gona da malamin dabbobi, in hanya ba ta biyuwa, ba mai tabbatar da abin da hoto ya nuna. Da rani saura da fako sukan yi kama da juna daga sama, sai manomi ne zai raba su. Gawo yana kore da rani ya kaɗe ganye da damina, wanda bai san haka ba zai karanta hoton a baibai. A Satumba 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, domin toshe wa 'yan bindiga hanyar labari, na 'yan watanni hanyar da rahoton ƙauye ke isa birni ita ma ta toshe, alhali taurari suna nan suna wucewa.

Kammalawa

Daga wannan tarihi ina miƙa shawara huɗu. Ta farko ga masu tsara kasafin kuɗi: duk na'urar da za a saya, a rubuta kuɗin ciyar da ita na tsawon rayuwarta, da na magajinta, a takarda ɗaya da kuɗin saye. Ta biyu ga ma'aikatun filaye da gandun daji: a adana tsofaffin hotunan jirgin sama da taswirorin iyakar gandun daji da makiyaya, a kwafe su cikin kwamfuta, domin su ne shaidar da za a raba gardamar manomi da makiyayi da ita. Ta uku, a sami ofishi guda a jiha mai karɓar buƙatun ma'aikatu, ya fassara hotuna, ya miƙa sakamako cikin kwanaki, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda take maƙwabtaka da Safana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta huɗu gare ku ɗalibai, musamman masu nazarin harshe. Taswirar da ba ta ɗauke da sunayen da mutanen wuri suke kiran tudu da rafi da mashaya da su, dagaci da arɗo ba za su iya aiki da ita ba. Tattara waɗannan sunaye na Hausa da Fulatanci daga bakin dattawa, da kalmomi irin su jigawa, fadama, fako, saura, labi da duhuwa, aiki ne na ilmi wanda ba a yin sa daga Abuja, balle daga sama. Yawancin dattawan da suka san su sun manyanta, wasu kuma rikici ya raba su da garuruwansu, saboda haka aikin ba ya jiran jinkiri.